Tirela Ta Buɗe Hagu Alhali Dama Za Ta Shiga: Laifin Wa?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa a wurina, direban tirelar da zai shiga dama amma ya fara kwasar mota ya yi hagu, tarko ya ɗana wa na bayansa. Ka ga fili ya buɗe a hannunka, ka shiga, sai ga bodi ya rufto maka. In aka yi haɗari a haka, laifinsa ne ɗari bisa ɗari.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Auwalu, ka taɓa zama a gaban babbar mota kuwa? Tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, yanke take yi ta ciki, kuma iya tsawon mota iya yankan. Kwantena mai ƙafa 40 kaɗai ta haura mita 12, ban da kan mota. In na sha kwana yadda kake sha da adaidaitarka, kai zai wuce lafiya, tayoyin baya kuma su hau kwalbati ko su faɗa kwata, ga buhunan mutane a sama.

Auwalu: To Alhaji ni ina na san dama za ka yi? Abin da idona ya gani, mota ta yi hagu.

Alhaji Bala: Sigina fa?

Hajiya Binta: Wace siginar, Alhaji? Ku je hanyar Dawanau da yamma ku tsaya ku kalli bayan motocin da ke fitowa da hatsi. Wata fitilar ta fashe, wata ƙura ta toshe ta, wata tamfol ya sauko ya rufe ta. Akwai wanda tasa ke ƙiftawa tun daga Bichi, ya manta bai kashe ba.

Alhaji Bala: Wannan kam Hajiya ba zan kare kowa ba.

Malam Nura: Ku ba ni dama in sa baki, tunda koyar da tuƙi ce sana'ata. Alhaji ya yi gaskiya, dole doguwar mota ta nemi fili. Amma a ina za ta neme shi? Abin da ake koyarwa shi ne ka riƙe bayan motarka kusa da bakin titi, ka miƙe da kai can cikin mahaɗar, sai ka kusa wuce kwanar sannan ka karya sitiyari. Faɗin da kake nema ka ci shi a titin da za ka shiga, in ta kama ka tsaya masu tahowa su wuce. A haka babu ratar da adaidaita zai cusa kai. Wanda ya fara buɗewa hagu sosai, shi ya buɗe ƙofar da kansa.

Alhaji Bala: Malam wannan karatun littafi ne. Titin da zan shiga ɗin, ga mai lemo ya baza tebur, ga motoci an faka hagu da dama, ga ɗan acaba ya tsaya yana ciniki. Ina faɗin da zan ci? Dole tun daga waje zan shirya motata.

Malam Nura: Na yarda akwai kwanar da ba ta shiguwa sai an buɗe. To a nan nauyi ya ƙaru a kanka: ka sauko giya tun kafin kwana, ka tafi kamar mai rakiyar amarya, yaron mota ya leƙo ta taga ya tare na baya da hannu. Me ake ɗaukarsa ya yi?

Baba Iro: Yara, ku lura da abu ɗaya. Tun da aka yi canjin hannu a 1972 direba ya koma zama a hagu, dama ta zama gefen da ba ya gani sosai. Da kan mota ya karya dama, madubin can ba abin da yake nuna masa sai jikin bodinsa. Kai da ka shiga tsakaninsa da kwata kana danna hon, ƙarar inji ta cinye hon ɗin. In tanka ce ma ba cike ba, ya taka birki da ƙarfi a tsakiyar kwana, man ciki ya yi gefe guda, sai ta kwanta a kanka.

Auwalu: Baba, fasinja ne ke azalzalarmu wallahi. Ka tsaya bayan tirela su ce ba ka iya tuƙi ba.

Hajiya Binta: Irina ba ta cikinsu. Duk wanda ya kutsa da ni gefen tirela, nan take nake cewa ya sauke ni.

Auwalu: To amma har yanzu ba a ba ni amsa ba. Ya buɗe hagu, siginarsa ba ta aiki, na shiga. Laifin wa?

Malam Nura: Rashin sigina nasa ne. Wuce mota ta hannun dama a bakin kwana kuma naka ne.

Alhaji Bala: Ahaf.

Malam Nura: Kada ka yi saurin murna Alhaji, taka fitilar bayan tana kamawa?

Alhaji Bala: Ta hagun tana yi. Ta daman gobe zan kai wa mai waya in sha Allah.