Wane tsawon titi ya dace da zarton nutso?

Zarton nutso zarto ne na lantarki mai zagayayyen baki da ke nutsewa cikin katako. Yawancin kafintocin da suka tofa albarkacin bakinsu kan wannan tambaya sun fara ne daga girman filawud, wato milimita 1220 a faɗi, 2440 a tsawo. Titin alminiyom da zarton ke bi dole ya zarce katakon gaba da baya, don bakin zarton ya samu wurin nutsewa da wurin fita. Shi ya sa titi mai tsawon milimita 1400 ya wadatar wajen yankan faɗi, amma yankan tsawo sai 2700 ko 3000.

A nan ne aka ja daga. Wasu suka ce a sayi 1400 guda biyu a haɗa su da sandunan haɗi, an samu 2800, ga sauƙin ɗauka ko a Keke Napep. Wasu suka ce mahaɗar ce matsalar: in ba a daidaita ta da doguwar rula ba, yankan zai karkace kana ji kana gani. Ni dai ina ganin mai shago ya sayi dogon ya rataye a bango, mai yawon aiki gidajen mutane ya riƙe gajeru biyun.

Sauran kayan da titin ke buƙata kuwa, ƙarfen matsewa guda biyu da ke riƙe titin a kan katako ne kan gaba, musamman a katako mai santsi. Sai robar gefen titi: yankan farko ke datse ta daidai bakin zarton, don haka a yi shi a nitse, a kuma ajiye wata ta canji. Zarton kamfanin Makita yana hawa titin kamfanin Festool, amma kafin a haɗa wani kamfani da wani, a gwada tukuna.