“Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi”: to wanda ya tuba fa?

Maman Tagwaye: Salama gare ku 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni barci tun ranar Lahadi. Uwar adashinmu ta cinye kwasar mutum uku, har da tawa, naira dubu 120, kuɗin makarantar yara. Wata takwas muna binta. Lahadin nan da aka yi kiran tuba bayan wa'azi sai ta fita gaba tana kuka, aka yi mata addu'a. Ana tashi daga sujada surukata ta tare ta a bakin ƙofa ta ce, “Kin sha kukanki, amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.” Wani dattijon ikilisiya ya ji, ya ce wannan karin magana ba ta mai bi ba ce, wanda ke cikin Almasihu sabon halitta ne, kwikwiyonsa ya mutu a kan gicciye. Surukata ta ce to a tono gawar a ba mu kuɗinmu. Har mutane suka taru. Ni ban ce uffan ba. Allah ya sani ina so in yafe, amma cikin su biyun wa ke da gaskiya?

Ɗan Wusasa: Mama, sannu da haƙuri. Dattijon ya karanta rabin shafi ne. Zakka mai karɓar haraji, ranar da Yesu ya shiga gidansa, ai bai tsaya ga kuka ba. Ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Luka 19. Bayan nan ne aka ce yau ceto ya shigo gidan nan. Ita uwar adashi ko ninki ɗaya ba ta ambata ba.

Mai Bishara Mai Keke: Ɗan'uwa, yi hankali da wannan “bayan nan ne”. Idan biyan ne ya kawo ceton, Zakka ya sayi sama da kuɗinsa ke nan, mu rufe Afisawa 2:8-9 mu ajiye. Yesu ne ya fara ɗaga kai ya kira shi yana bisa itace, bai mayar da ko anini ba tukuna. Alheri ya riga shi zuwa gida. Mayar da kuɗin 'ya'yan itacen ne.

Ɗan Wusasa: Na yarda, Malam. Amma itacen da aka ce an dasa, babu ko ganye, sai mu zauna a inuwarsa?

Baba Mai Ritaya: Ku yara kuna cakuɗa abu biyu. Bahaushe bai ce zunubi kwikwiyo ne ba, alhaki ya ce, kuma ya san abin da ya sa. Ku duba Sarki Dawuda, wanda ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin. Annabi Natan ya gaya masa a fili Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Duk da haka jaririn da matar ta haifa masa ya rasu, takobi bai rabu da gidansa ba, ga abin da ya sami 'ya'yansa Amnon da Absalom. Jinin Uriya ya bi shi har tsufa alhali an gafarta masa. Ɓarawon da ke gefen Yesu ma da bakinsa ya ce sakamakon aikinsu ne suke samu. An yi masa alkawarin Firdausi a ranar, amma ba a sauke shi daga gicciyen ba.

Sarkin Zolaya: Baba, wannan kwikwiyon talaka kawai yake bi. Na manya yana ganin jiniya sai ya koma. Wani a jiharmu ya cinye kuɗin taki na ƙananan hukumomi, da ya ji ana nemansa ya sauya sheƙa, washegari aka ce an yafe masa zunubansa duka. Ba ajin baftisma, ba bencin horo.

'Yar Kagoro: Ai mun gan su. Zaɓe na matsowa su zo bikin godiya da buhunan shinkafa, a ba su kujerar gaba, Juma'a kuma suna sahun farko a masallaci. Tuban muzuru, kaza a baki.

Sarkin Zolaya: Nasu ya girma ya zama kare, sun yi masa fasfo, tare suke zuwa Dubai.

Ɗan Tsibiri: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu yadda muka ji ta wurin tsofaffi, “ubangijinsa yake bi” ake cewa. Ku dubi wannan kalma da kyau. In an saye ni da tamani kamar yadda 1 Korantiyawa 6:20 ta ce, ni ba na kaina ba ne kuma. Wanda ya sayi gida ya saya da karen gidan. Kwikwiyon bai mutu ba, ubangiji ya canja, kuma ya bi sabon har Kalfari, inda aka gicciye Yesu.

'Yar Kagoro: Kai, wannan ta yi mini nauyi a baki. Yesu ne ubangijin alhaki?

Ɗan Tsibiri: Ta yi nauyi mana, Yaya. 2 Korantiyawa 5:21 ta fi ta nauyi, wanda bai san zunubi ba aka mai da shi zunubi dominmu. Bunsurun da ake ɗora wa laifin jama'a a kora jeji a Littafin Firistoci 16, me ya ci?

Malam Maƙwabci: Ku yi mini izini in sa baki, ni Musulmi ne, na tashi cikinku a Tudun Wada. A wurinmu babu rai da ke ɗaukar nauyin wani, don haka a nan mun rabu da ɗan'uwa na Maraɗi. Amma a kan haƙƙin mutane malamanmu suna cewa tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙi ko mai shi ya yafe. Da surukar Maman Tagwaye za ta zo unguwarmu, ba wanda zai yi mata gardama.

Katikis: Mu ma Katolika, wanda ya je ikirari da sata Fada zai yi masa maganar mayarwa. Ba sabon abu ba ne.

Jikar Inna: Ina ta karantawa ina hawaye, bari in ba ku labarin kakata. Mu Maguzawa ne na wajen Malumfashi. A yunwar 1973, shekarar da aka bar fam aka koma naira, Inna tana da yara huɗu, gayaunarta ba ta ba da komai ba. Kishiyarta tana da ɗan abin da ya rage a rumbu daga bara. Inna ta riƙa tashi tsakar dare tana zarar zangarniya kaɗan kaɗan. Ba ta isa ta sa a turmi ba don kada a ji, sai ta murje da tafin hannu, ta jiƙa, ta ba yara a duhu. Da aka farga, an kwashe kusan dami uku.

Kishiyar tana da agola, yaro ɗan shekara goma sha biyu da ta zo da shi daga gidan mijinta na fari. Maigida ya ce shi ne. Aka tambayi Inna, ta ce ita ma ta taɓa ganinsa yana zagaya rumbun. Aka ɗaure yaron a turken jaki aka yi masa dukan kawo wuƙa. Cikin dare ya kwance kansa ya gudu. Wani ya ce ya gan shi a tashar Funtuwa. Daga nan shiru har yau.

Maman Tagwaye: Wayyo Allah. Ci gaba, 'yar'uwa.

Jikar Inna: Bayan shekara biyar 'yan Sabon Rai suka zo ƙauyen suna wa'azi da waƙa. Inna ta ba da gaskiya, ta yi ajin baftisma. Ranar da aka je rafi, an kira ta, ta kai ƙafa bakin ruwa, sai ta tsaya ta ce ba ta shiga sai ta yi magana. A gaban masu bi da 'yan kallo, kishiyar tana cikinsu, ta faɗi komai, har ƙaryar da ta yi wa yaron. Babana yana wurin, ya ce ko tari ba a yi ba. Kishiyar ta ɗauki tulunta ta koma gida. Faston ya jima yana tsaye cikin ruwa, sannan ya miƙa wa Inna hannu.

Tun daga ranar, duk shekara in an yi girbi Inna za ta ɗauki dami uku ta jingina a ƙofar ɗakin kishiya. Ita kuwa ba ta taɓa sa musu hannu ba, awaki da kaji ke cinyewa. Mai bisharan ƙauyen ya ce mata, Inna, gafara ba a sayenta da gero. Ta ce, “Malam, ba saye nake ba, wanda ya saye ni ya gama biya. Na san an yafe mini. Amma yaron bai dawo ba.”

Da kishiyar ta makance, Inna ce sandarta shekara goma sha ɗaya. Ita ke kai ta bayan gida, ita ke dama mata kunu. Kishiyar ba ta taɓa ce mata na yafe ba, ba ta kuma taɓa zaginta ba. Daren da za ta rasu ta ce, “Ya dawo?” Inna ta ce a'a. Ta ce, “To ki ci gaba da dubawa.” Inna ta rayu har 2009, duk direban da ta gani a tasha sai ta kwatanta masa yaro mai tabo a goshi, ta manta da yana raye ya yi furfura. Kuma kada ku ɗauka mai baƙin rai ce, ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata har muryarta ta dushe.

Abin da ke damuna ni, babana yana cikin yara huɗun nan. Geron nan ne ya raya shi. Da ba a saci geron ba, da wataƙila ba a haife ni ba.

Mai Bishara Mai Keke: 'Yata, kada ki ɗauki wannan kaya. Ezekiyel 18 karin magana ya tarar a bakin mutanensa, wai iyaye sun ci inabi mai tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya ce a daina faɗinta, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba.

Ɗan Wusasa: To Romawa 5:12 fa, Malam? Mu ba mu ci komai a gonar Aidan ba, ga mu nan muna mutuwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mai Bishara Mai Keke: Wancan halin da muka gada ne, wannan laifin mutum ɗaya ne a dare ɗaya. Kada ka ƙara wa yarinya nauyi.

'Yar Kagoro: Ni kalmar kishiyar ce ta tsaya mini. “Ki ci gaba da dubawa.” A kunnena yafewa ce. Ta damƙa mata amanar ɗanta, ba a ba maƙiyi amana.

Baba Mai Ritaya: A kunnena kuma ɗauri ne. Ta ɗaure mata kwikwiyon a ƙafa ta tafi. Kuma kowa ya manta da maigidan da ya yi dukan. Shi nasa ina ya bi?

Jikar Inna: Baba, shi bai taɓa yarda a ta da maganar ba har ya mutu. Giyarsa kawai ya ƙara.

Sarkin Zolaya: Dami uku duk shekara! Da masu mulkinmu za su yi irin na Inna, da ƙofar kowane talaka ba ta shiguwa don buhuna. Wanda ya yi mana alkawarin gada sau uku ya fara da kwalbati ma mun gode.

Katikis: Kai dai ba ka gajiya. Amma Jikar Inna, an taɓa sa cigiya a rediyon Kaduna? A lokacin har Gana da Kamaru ake jin ta.

Jikar Inna: An sa sau biyu, babana ne ya biya. Wani ya zo daga Zariya, ashe ba shi ba ne. Inna ta riƙe shi kwana uku tana ba shi tuwo kafin ta bari ya tafi.

Ɗan Tsibiri: Mu ma can mun ga irin yaran nan da yunwar ta watsar. Wasu har Legas, sun koma wasu sunaye.

Maman Tagwaye: 'Yan'uwa, yanzun nan yaron uwar adashi ya kawo naira dubu 15 a ƙulle cikin leda, babu saƙo, babu gaisuwa. Surukata ta ce in mayar, wai raini ne, ko duka ko babu. Sauran mata biyun kuma ba a kai musu komai ba. Kuɗin na nan kan tebur, ban ƙirga su sau biyu ba.

Ɗan Wusasa: Karɓi, Mama, ki raba uku.

'Yar Kagoro: A'a, kada ta raba, ita ce mai kuɗin makaranta a wuya. Su je su bi nasu.

Baba Mai Ritaya: Ku bari tukuna. Jikar Inna, tabon nan a wane gefen goshi yake? Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo da na sani a Kafanchan tun ina aikin jirgin ƙasa, Hausarsa ta Katsina ce, bai taɓa faɗin garinsu ba.