Na sa sabon katin hoto amma gem ya ƙi sakin jiki: wa ya taɓa shiga wannan?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na cire GTX 1050 Ti ɗin da na daɗe ina lallaɓawa, na sa RTX 3060 mai 12GB, na hannu. Sauran kayan ban taɓa su ba: furosesa Ryzen 3 3200G, bod B450, RAM 8GB guda biyu, fawa-fak 550W, monita 1080p.

Tsammanina komai zai tashi sama, amma ina! A GTA V in na shigo tsakiyar gari da mota a guje sai hoton ya riƙa ɗan ƙamewa yana saki. Warzone kuwa ƙarin da na samu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, ko na mayar da komai Low ko na kai shi High, lambar FPS, wato yawan hotunan da ke fitowa a daƙiƙa ɗaya, tana nan kusan wuri ɗaya. Wanda ya sayar min ya ce in kawo a yi fomatin. Kafin in kai, duk wanda ya taɓa sauya kaya gem ɗinsa ya ƙi gyaruwa, ya taimaka ya faɗa mana abin da ya tarar.

Bazazzage:
Wa alaikumus salam. Kada ka ji na raina maka wayo, amma leƙa bayan kwamfutar tukuna. Wayar HDMI a ina take? Furosesanka yana da nasa ɗan garafik a ciki, saboda haka ko a ramin bod ka soka ta hoto zai fito lafiya lau, ba abin da zai nuna maka an yi kuskure. Haka ta faru da ƙanena: ya tara kuɗi ya sayi kati, yaron shago ya ɗaura masa, ya mayar da wayar inda ya cire ta, a sama kusa da ramukan USB. Ya ɗauki lokaci yana tsine wa katin, alhali katin yana zaune fankarsa ko juyawa ba ta yi. Ramukan kati su ne na ƙasa, waɗanda suke a kwance.

Ɗan Fagge:
Na duba mutumina, a jikin katin take.

Mai Gidan Gem:
To madalla, an cire wannan. Ni dai fomatin ɗin nan ban goyi baya ba. Masu shago da yawa shi ne maganinsu na kowace cuta, ka koma gida ka sake sauke gem mai GB sama da ɗari da datarka, kuma ka tarar da matsalar tana jiranka.

A gidan gem ɗina a Kaduna na taɓa cire RX 580 daga wata kwamfuta na sa RTX 2060. Yara suka fara ƙorafi cewa EA FC yana cijewa daidai lokacin da za a buga ƙwallo a raga, har ana rigima kan wa zai biya kuɗin wasan. Ashe ragowar tsohon direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ne yake karo da sabo. Na sauke DDU, manhajar share direbobin katin hoto, na cire intanet don kada Windows ta yi min shisshigi ta sa nata, na shiga Safe Mode na share direbobin duka biyun, sannan na sa sabo daga shafin masu katin. Shi ke nan aka zauna lafiya. Kai daga Nvidia ka koma Nvidia, don haka ba lallai wannan ce cutarka ba, amma aikin bai wuce rabin awa ba, kuma ba ka asarar komai.

Abu ɗaya kuma: bayan sabon direba, gem yakan sake haɗa shedojinsa, wato ƙananan umarnin da kati ke zana hoto da su. Warzone ma yana rubuta maka a allon farko cewa yana wannan aikin. Ka bar shi ya gama kafin ka shiga fili, in ba haka ba za ka yanke wa katin hukunci a kan laifin da ba nasa ba.

Ummu Hanan:
Malam Ɗan Fagge, ka ce RAM biyu ne. Ramuka nawa ne a bod ɗin, kuma a waɗanne suke zaune?

Na tambaya ne don abin da na gani da idona. Ni zanen gine-gine nake yi da kwamfutata, da dare maigida da yara su karɓe ta su yi Forza. Da muka ƙara RAM na biyu, mai gyara ya jera su kafaɗa da kafaɗa a rami na ɗaya da na biyu. Windows ta nuna 16GB, kowa ya yi murna, amma motar tana ci gaba da fizga in an shiga wuri mai cunkoso. Sai da na ɗauko ɗan littafin bod ɗin na karanta: in ramuka huɗu ne, RAM biyu ne, ana sa su a na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. A jeren da aka yi mana, duka biyun layi ɗaya suke bi, wato rabin hanyar a rufe take.

Na biyu shi ne gudu. A jikin RAM ɗin an rubuta 3200, amma DDR4 in ba ka shiga BIOS, wato saitin bod, ka kunna XMP mai buɗe wa RAM cikakken gudunsa ba, yawanci a 2133 ko 2400 yake tashi. A wasu bod ɗin AMD sunan abin DOCP ne ko A-XMP, duk abu ɗaya ne. Ka buɗe manhajar CPU-Z ka shiga Memory. Zai nuna maka Single ne ko Dual, sabbin fitowa kuma suna rubuta 2 x 64-bit in layi biyu ne. Lambar gudun da za ka gani rabi ce, kada ta tsorata ka: 1066 na nufin 2133, 1600 na nufin 3200. Ryzen yana jin wannan bambancin sosai, kuma ba a babbar lambar FPS ya fi fitowa ba, a wannan ƙamewar da kake kuka da ita yake fitowa.

Sarkin Yaƙi 07:
Baba fawa-fak ne kawai. 550W ɗin kasuwa ba 550W ba ne. Canza shi ka huta.

Injiniyan Kawo:
Sarkin Yaƙi, rabin maganarka gaskiya ce. Akwai fawa-fak marasa suna da lambar jikinsu ado ce, ka ɗaga ka ji shi sakayau. Amma alamar raunin fawa-fak daban take: ana tsakiyar wasa allo ya yi baƙi, ko kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta. Bai cika zama ya riƙa rage maka FPS a hankali ba. RTX 3060 wajen 170W yake ci, kuma 550W ne masu shi suka ba da shawara. In dai na kirki ne, ya isa.

Ɗan Fagge, ai ka riga ka faɗi amsar da bakinka: Low da High duk ɗaya. In kati ne ya gaji, da ka sauke saiti lambar za ta yi tsalle. Tunda ba ta motsa ba, katin jira yake yi. 3200G na 2019 ne, kwakwalwa huɗu, zare huɗu, ma'ajiyar L3 ɗinsa 4MB kacal. Da 1050 Ti sun dace da juna, babu mai jiran wani. Yanzu ka ɗauko magini mai zafin nama ka haɗa shi da lebura ɗaya. Bulo ba ya isowa, dole ya tsaya riƙe da cokali.

Kada ka yarda da ni, ka auna. Sa manhajar MSI Afterburner tare da RivaTuner, ka kunna lambobin nan su fito a kusurwar allo: aikin GPU (wato katin hoto), aikin kowace kwakwalwar furosesa daban-daban, zafin su biyun, da layin lokacin firem. Ka shiga wurin da ya fi cijewa. In ka ga GPU yana yawo a kashi 50 ko 60 cikin 100, furosesa kuma ya manne a sama, magana ta ƙare. Layin firem ɗin shi na fi kallo. A FPS 60 kowane hoto milisakan 16.7 yake ɗauka. In layin a miƙe yake wasa zai yi daɗi ko lambar ba ta da yawa, in kuma yana harbawa sama kamar haƙoran zarto, ko 90 ka gani a rubuce hannunka zai gaya maka akwai matsala.

Amma ka fara da maganar Hajiya Ummu Hanan, don kyauta ce. Kuma don Allah abu ɗaya za ka riƙa sauyawa ka gwada, a wuri ɗaya cikin gem ɗin. Masu kawo min aiki sukan taɓa abu biyar a dare ɗaya, in ya gyaru ba su san dalili ba, in ya lalace ba su san inda za su koma ba.

Na Yamai:
Gaisuwa daga Nijar. Tawa ta bambanta da taku, amma wataƙila ta amfani wani. Furosesa na sauya zuwa Ryzen 5 5600, na haɗa da sabuwar fankar sanyaya shi. Minti goman farko wasa kamar ruwa, daga nan sai ya fara nauyi, fanka tana ihu. Na buɗe manhajar HWiNFO na ga zafi ya kai digiri 90, wanda shi ne iyakar wannan furosesan, daga nan da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Da aka kwance, ledar nan mai sheƙi da ake manna wa ƙasan tagullar fankar tana nan daram, an shafa man a kanta. Har rubutu ne a jiki cewa a ɓare kafin a ɗaura.

Alamar zafi ke nan: farko lafiya, daga baya lalacewa. In tun daga minti na farko yake cijewa, nemi wani dalilin. Kuma mu da muke wasa a ɗakin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kada mu riƙa gwada lambobinmu da na masu bidiyon YouTube da ke zaune cikin sanyi. Sabon kati ya fi tsohon fitar da zafi, 170W ba 75W ba ne, kuma duk a cikin akwatin yake juye shi. Bayan hunturu ka buɗe gefe ka ga ƙurar da ta toshe haƙarƙarin fankar, ka hure ta.

Tsohon Hannu:
Tunda na hannu ne, a tabbatar da katin kansa. Buɗe manhajar GPU-Z. 3060 mai 12GB na gaskiya zai nuna shedoji, wato ƙananan kwakwalen katin, guda 3584 da faɗin 192-bit. Na taɓa karɓar wani kati a kwali mai kyau an rubuta 1050 Ti, Windows ma ta yarda da sunan. GPU-Z ya nuna shedoji 192 maimakon 768, ya kuma rubuta FAKE a gaban sunan. Tsohon GTS 450 ne aka sauya wa BIOS. Da na lura da ramin VGA mai shuɗi a bayansa tun a shago da ban biya ba.

Sannan tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Ba duka ne matattu ba, wasu sabon man shafawa kawai suke so. Ka duba zafin Hot Spot, wato wurin da ya fi zafi a katin, a GPU-Z ɗin, ba na sama kaɗai ba.

Bazazzage:
Af, na manta. Wanda ya sayi monita mai 144Hz ya shiga Advanced display a Windows ya zaɓa da hannunsa, sau da yawa a 60 take zuwa. In V-Sync, wanda ke ɗaure FPS da gudun monita, na kunne kuma, ko wane kati ka sa 60 za ka gani.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tarar. Katin na gaskiya ne, 3584 ya nuna, zafinsa bai wuce 70 da 'yan kai ba. RAM kuwa Hajiya kamar kina ɗakin: a rami na ɗaya da na biyu suke, CPU-Z ya ce Single, 1066. Na mayar da su A2 da B2. Da na kunna XMP a 3200 sai gem ya riƙa fita da kansa, na sauke zuwa 2933 ya zauna. Ƙamewar GTA V ta ragu ƙwarai, sai jefi-jefi. Warzone ya ɗan ƙaru, amma GPU bai wuce kashi 65 ba, kwakwalwa huɗun nan kuma duk suna sama da 95.

Wani abu ya tsorata ni: GPU-Z ya rubuta x8 3.0 a wajen Bus Interface, ba x16 ba. Ramin bod ɗin ne ya lalace?

Injiniyan Kawo:
Ba abin da ya lalace. 3200G layi takwas kawai yake ba katin hoto, haka aka ƙera shi, kuma 2933 ɗin da ya zauna a kai shi ne gudun da aka rubuta masa a hukumance. Abin tsoro shi ne ka ga x4, wannan yakan nuna an soka kati a dogon ramin ƙasa maimakon na sama.

Ba sai ka sayi sabon bod ba. Mafi yawan B450 suna ɗaukar Ryzen 5 5600, kwakwalwa shida, zare goma sha biyu, L3 32MB, kuma zai buɗe maka x16 ɗin. Ka shiga shafin masu bod ɗinka ka ga sunansa a jerin furosesoshin da yake ɗauka, da lambar BIOS ɗin da ake buƙata. Sharaɗi biyu, ƙanena. Ka sabunta BIOS tun tsohon furosesan yana ciki, don in ka riga ka cire shi bod ɗin ba zai gane sabon ba, allo baƙi za ka gani. Sannan kada ka kuskura ka yi wannan aikin a kan wutar gari tsagwaronta. Minti kaɗan ne, amma in aka ɗauke a tsakiya bod ɗin na iya zama gawa. Ka jona da inbata ko UPS mai cikakken caji. Bayan an gama BIOS zai koma yadda ya zo daga kamfani, sai ka sake kunna XMP.

Kafin kuɗin su samu, ka ɗaure FPS a 60 da RivaTuner, ka ɗaga ingancin hoto da inuwa tunda katin yana da sarari, ka rage yawan mutane da motoci da nisan hange a GTA V, don su ne ke cin furosesa. Ka kuma rufe Chrome kafin ka shiga.

Mai Gidan Gem:
Kuma kada ka yi saurin sayar da 3200G ɗin. 5600 ba shi da garafik a ciki, ranar da katin ya yi maka gardama ba ka da abin da za ka kunna kwamfutar ka duba da shi. In kuma ka matsa sai ka sayar, yi min magana ta akwatin saƙo, ina da bod A320 a ajiye da nake son haɗa wa yara na eFootball.