Taƙaitawa: shawarwarin da aka bayar kan ritaya

Ga abin da na tsamo daga tattaunawarmu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa cika shekara 60, ko 35 a bakin aiki, ba ya zuwa ba-zata. A gyara fayil da wuri, musamman ranar haihuwa da sunan magaji, don ɗan saɓani kan riƙe fansho watanni.
2. Kada a zuba kuɗin sallama a sana'ar da ba a iya ba. A fara kiwo ko shago tun ana karɓar albashi.
3. Zaman banza ke kwantar da dattijo. A kama gona, islamiyya, sulhun unguwa.
4. An rabu kan komawa ƙauye. Wasu sun ce can rai ke hutawa, masu hawan jini suka ce asibiti ya yi nisa. Ni kam ina bayan masu hawan jinin.