Inna ta sha ruwa kafin aiki ko kar ta sha?

Kawu Direba: Jama'a jibi za a yi wa Inna aikin ƙaba a Dutse, wai likitan allurar barci ya ce ta sha ruwa har saura awa 2 a shiga da ita, wai yana rage tashin zuciya in ta farfaɗo. Ni dai na ce kar wanda ya ba ta ko ɗigo, mu mun san daga 12 na dare ake rufe baki

Auta: gaskiyarka Kawu ai ruwan ne zai dawo

Anti Nas: Kawu ka yi haƙuri likitan na kan hanya. Ruwa zalla ba ya zama a ciki, kafin awa 2 ya gangara hanji. Abin tsoron shi ne abinci ya taso ya faɗa huhu mutum na cikin barci, wani likita Mendelson ya rubuta haka a 1946 kan mata masu haihuwa, shi ya sa aka tsaurara. Amma tun 1999 ƙungiyar likitocin allurar barci ta Amurka ta ce ruwa awa 2, abinci mara nauyi awa 6, mai maiƙo awa 8

Maman Biyu: wlh ni ganau ce, lokacin nawa aikin tun dare aka hana ni ruwa ga zafin bazara ba a shiga da ni ba sai bayan la'asar, leɓena ya tsage Yaya tana jiƙa auduga tana goga min, kuma da na tashi sai da na cika fo da amai rawaya mai ɗaci, to me azumin ya tsare?

Kawu Direba: To a dama mata koko tsararo

Anti Nas: A'a Kawu dan Allah! Koko, kunu, fura, shayi mai madara duk abinci ne. Ruwa ko ruwan bunu kawai, wanda za ka hango gindin kofi

Auta: Anti amma kin tabbata in ta sha ba za ta yi amai ba?

Anti Nas: Ban ce ba. Mata sun fi yi, da wanda mota ke juya wa ciki, da wanda aka yi wa allurar ciwo mai ƙarfi. Inna kuwa daga Gumel zuwa Gujungu sai an tsaya mata da leda, a faɗa wa likita ya haɗa da maganin hana amai

Kawu Direba: Hmm. Gobe zan tambaye shi da bakina. Auta ka wanke filas ɗin nan