Reshe biyar cikin shekara ɗaya: buɗi ne ko haɗama?

Baban Ummi: Jama'a, jiya na shiga sabon reshen wani gidan abinci a nan Kano, na biya kuɗi masu tsoka, aka kawo mini shinkafa ta yi sanyi ƙalau, kazar kamar tun shekaranjiya aka soya ta. Bara reshe ɗaya gare su, abinci kamar ka haɗa da kwanon. Bana biyar. Ku rubuta ku ajiye, duk gidan abincin da ke buɗe rassa kamar ana korar sa, rufewa zai yi. Haɗama ce kawai.

Na Kwari: Haɗama? Mutum ya faɗaɗa neman halaliyarsa ka ce haɗama? Ka san yara nawa ke cin abinci a ƙarƙashinsa?

Baban Ummi: Alhaji, ni fa maganar shinkafa nake yi.

Maman Sadiq: Gaskiya kalmar ta yi nauyi. Mu kullum haka, ɗan'uwa ya samu buɗi sai a sa masa baki.

Malam Bazazzagi: Ku tuna gidan abincin nan Mr Bigg's. A 1986 suka fara a Marina, Legas, ƙarƙashin kamfanin UAC na Najeriya. Suka bazu, rassa sun haura 100, da yawa a hannun waɗanda aka ba aron suna. Mai suna ba ya tsaye a kan tukunya, ɗanɗano ya bambanta daga reshe zuwa reshe. A 2013 kamfanin Famous Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 49 cikin 100 na kasuwancin. Yau nawa suka rage?

Na Kwari: Chicken Republic da ta ƙwace musu kasuwa ba rassa take buɗewa ba? Ita ma haɗama ce?

Malam Bazazzagi: Haɗama ai lomar da ta fi ƙarfin baki ce, Alhaji. Ba zagi ba ne.

Na Kwari: Ikon Allah! Yau Bazazzagi ke koya wa Bakano Hausa.

Malam Bazazzagi: Mun koya muku karatu, Hausa ce za ta gagara?

Maman Sadiq: Malam, ka fara biyan kuɗin zumuntar watan jiya tukuna.

Shugaban zaure: To, an rufe. Abin da aka cimma: buɗe rassa alheri ne, na Mr Bigg's ƙaddara ce, Baban Ummi kuma zai janye kalmarsa. Kada a manta, ranar Asabar yaya Alhaji zai buɗe shagonsa na huɗu, kowa ya zo.

Baban Ummi: Ban janye ba. Shinkafar da sanyinta aka kawo.