Muhawara kan takobin Masamune da kalmar "tama"

Baban Hafsa: 'Yan uwa, raina ya ɓaci jiya, domin wani abokina ya yi mini dariya a bainar jama'a saboda na ce ba a taɓa ƙera takobin da ya kai na Masamune ba, wato maƙerin nan na lardin Sagami a ƙasar Japan da ya rayu a ƙarshen zamanin Kamakura. Da ƙarfen tamahagane maƙeran Japan suke aiki, wanda ake samu daga baƙin yashi da gawayi a murhun yumɓu mai suna tatara, sannan a ninka shi a daka har sau goma sha biyar, abin da ke ba da hawa 32,768.

Ɗan Maƙera: Baban Hafsa, ka tsallake babban batu. Kalmar nan tamahagane da "tama" ta fara, kuma tama ce kakanninmu suke narkawa su fitar da ƙarfe. Wannan ya wuce dace.

Malama Uwani: Malam, dace ne kawai. A Japananci "tama" na nufin dutse mai daraja, "hagane" kuma ƙarfe mai tauri. Tamar da suke narkawa ma sunanta satetsu.

Ɗan Maƙera: To ai tama dutse ce mai daraja a wurin maƙeri. Wanda bai taɓa riƙe zugazugi ba, ba zai gane ba.

Malama Uwani: Gadon ƙira ba ya zama hujja a ilmin harshe, kuma ban raina gidanku ba.

Alhaji na Kwari: Ni dai ina so a gyara wani abu. Ninkin nan ba sihiri ba ne, dauda ake fitarwa saboda ƙarfen ba ya fitowa daidai daga murhu. Gwanintar tana wajen shafa yumɓu mai kauri a bayan takobi da siriri a bakinsa kafin a tsoma shi a ruwa, ta haka bakin ke yin tauri, ruwan takobin kuma ya lanƙwashe.

Baban Hafsa: Alhaji, kana goyon bayan wanda ya yi mini dariya ke nan?

Ɗan Maƙera: Ba a amsa mini ba tukuna. Waye ya fara cewa "tama", mu ko su?

Alhaji na Kwari: Honjo Masamune ma, wato shahararren takobin Masamune da gidan Tokugawa, tsoffin masu mulkin Japan, ya miƙa wa 'yan sandan unguwar Mejiro ta Tokyo a Disamban 1945, har yau ba a san inda yake ba, balle a gwada shi da wani.

Shugaban zaure: Na rufe zancen. Abin da na fahimta shi ne, an amince Masamune ba shi da na biyu, kuma Malama ba ta kawo littafin da ya ƙaryata Ɗan Maƙera ba, wanda kawuna ne kuma na san ba ya magana a banza.